Dodannin Yumɓu da Ranar da Aka Taru a Ƙofar Gidanmu

Tudun Wada, Gusau

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa kun sauka Zariya lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki da kowa. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Na ba Kawunki Lawali wannan takarda ya miƙa miki in ya gama raka ki makaranta, don kin san ke ce ta fari, ba na iya zaunar da ke in dubi idonki in yi doguwar magana. Abin da baki ya kasa, bari hannu ya gwada.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, yanzu kika bar shi. Abin da ke raina tsoro ne. Kin ce wa mutane zane da sassaƙa za ki karanta, amma ni da ke mun san abin da kike nema. So kike ki iya sa abin da kika gina da hannunki ya tashi ya yi tafiya a talabijin, kamar dodannin nan na kaset ɗin kawunki. Na yarda, babanki ma ya yarda. Sai dai tun da takardar ɗaukarki ta zo, gabana bai daina faɗuwa ba. Zan tuna miki inda na yi kuskure a kan wannan abu, duk a gabanki aka yi, don kada ki taka inda na taka.

Kin tuna shekarar da aka ba mu jiha, ranar yawon ƙaramar Sallah. Kawunki ya ɗauro bidiyonsa a bayan mashin, ya ce ya samo wani tsohon fim ɗin Turawa a Kano, na dariya, wanda babba da yaro za su zauna su kalla babu mai sunkuyar da kai. Aka haɗa shi da talabijin ɗin babanki, yaran unguwa suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Hassi maƙwabciyarmu ta shigo da ɗiyarta Nafisa, lokacin ba ta shiga makaranta ba, ta haye cinyarki ta zauna.

Da aka kunna sai ga dodanni. Akwai wani ƙato mai ido ɗaya a tsakiyar goshi wanda kaza ke kora. Akwai wani dogo siriri da kansa ke faɗuwa duk lokacin da ya yi atishawa, ya bi shi yana lalube. Akwai wata tsohuwar dodanniya da tukunyarta ke sauka daga murhu ta gudu. Ɗakin ya ɗauki dariya, Nafisa har tana shaƙewa. Ni kuwa ban yi dariya ba. Ba fuskokinsu suka dame ni ba, tafiyarsu ce. Su yi gaba kaɗan su ƙage, hannu ya fizge, wuya ya karkace, kamar wani abu ne a cikinsu yake jan su.

Na taɓa ganin irin wannan motsi. Muna yara a Karakkai, ina da ƙawa mai suna Balki, mai farfaɗiya. Wata rana muna bakin rijiya ta faɗi, jikinta yana fizga haka, muka watse muka bar ta cikin rana, don an gaya mana iska ce, kuma duk wanda yawunta ya taɓa ya kamu. Abin da na gani ke nan a talabijin ɗin. Ban san lokacin da na tashi na zare wayar daga bango ba.

Na ce, “Ba a gidan nan ba.”

Kawunki ya ce, “Yaya, 'yan tsana ne hwa. Laka ce da waya da tsumma. Mutum ne ke motsa hannun kaɗan ya ɗauki hoto, ya ƙara motsawa ya ɗauka. In aka jera hotunan da sauri sai ki ga kamar yana da rai.”

Na ce masa ban tambaye shi ba. Ya naɗe wayoyinsa ya tafi, yara suka fita suna gunaguni. Ni ban saurari bayaninsa ba, amma na ga yadda kika buɗe baki kina kallonsa. Ke kin ji.

To ga abin da nake so ki riƙe. Za ki ga abubuwa a can da ba ki taɓa gani ba, wasu za su ba ki tsoro. Kafin ki gudu, kafin ki tsine, ki tsaya ki tambaya da me aka yi shi, wa ya yi shi, don me. Da na tsaya na ji kawunki ranar nan, da abin da ya biyo baya bai zo mana a yadda ya zo ba.

Bayan haka na hana ki maganar dodanni. Sai kika koma yi a ɓoye. Kina dawowa daga makaranta da yumɓu a ƙullin leda daga bakin gulbi, kina tsintar guntun waya a shagon mai gyaran rediyo, kina cire maɓallan tsofaffin rigunan babanki kina yin idanu. Kika gina su, kika jera cikin kwando kika tura ƙarƙashin gado. Nafisa ta riƙa shigowa da rana, ki ja labule, ki riƙa sauya murya kina sa su magana, tana ƙyalƙyala dariya. Ina jin ku daga madafa. Na sani sarai, na yi kamar ban sani ba. A raina na ce tun da ba a gani, ba komai.

Nan ne na fi yin wauta. Da na ce ki fito da su tsakar gida ki shanya a rana kusa da kuɓewa, da Hassi ta gani ta yi dariya, da mai tallan nono ta gani, da kowa ya san wasan yara ne. Abin da aka tura ƙarƙashin gado, ranar da aka jawo shi ba za a tambayi me ne ne ba, za a tambayi me ya sa aka ɓoye shi.

Don haka ranar da kika shiga ɗakin kwananku, ki gaya wa 'yan ɗakin abin da kike karantawa. In kin gina wani abu, ki ajiye shi a bakin taga inda kowa zai gani, ki bar su su taɓa, ki nuna musu wayar da ke ciki. Kada ki kulle shi a akwati. Kada ki yi aikinki a inda sai an leƙa za a gan ki.

Sauran kin fi ni saninsa, amma bari in faɗa yadda ni na gan shi, don ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba.

Da damina ta yi tsakiya Nafisa ta kwanta zazzaɓi. Aka ba ta jiƙo, aka shafa mata rubutu, jiki bai sauka ba. Ranar da abin ya tsananta ta fara jijjiga, idanunta suka juye, tana cewa dodo yana zuwa, dodon Luba yana zuwa. Aka tambayi yaran unguwa wane dodo, suka ce ai kina da su cike da kwando a ƙarƙashin gado, har magana suke yi.

Bayan la'asar ne, babanki yana masaƙa. Ina tankaɗe na ji hayaniya a waje. Na ɗauka faɗan yara ne. Sai na ji ana dukan ƙyauren zaure da ƙarfi. Na yafa mayafi na leƙa, na ga layinmu ya cika, maza da mata, da samarin da ban taɓa gani ba, wasu da duwatsu a hannu. Malam Isa, uban Nafisa, yana gaba, hularsa a karkace, idanunsa jawur. Mutumin da muka yi shekaru muna gaisawa ta kan katanga, ranar ban gane fuskarsa ba.

Ya ce, “Ina ɗiyarki? Mi ta yi ma ɗiyata?”

Na ce, “Malam, wace irin magana ce wagga?”

Ya ce, “A hito da abin da ke ƙarƙashin gado.”

Wata mata daga baya ta ce, “Mayya ce. Ta kama kurwar yarinya.”

Ɗiyata, na ji kalmar nan da kunnena. Na san abin da ake yi wa wadda aka kira da sunan nan. Na waiga na gan ki tsaye a bakin ɗaki da littafi a hannu, kina kallona, kina jiran in ce wani abu. Na wuce ki na jawo kwandon, na fito na juye shi a ƙofar zaure, na ɗauko taɓarya na daka su ɗaya bayan ɗaya a gaban mutane. Na ce ban san da su ba. Ƙarya na yi, kuma kin san ƙarya ce.

Na zaci shi ke nan. Sai aka ce bai isa ba, sai kin je kin tsallake ta, don haka ake yi wa mayya ta saki wanda ta kama. Kika ce ba za ki je ba, ba abin da kika yi. Wani saurayi ya jefo dutse ya bugi kwanon zaure, ƙarar ta sa mutane suka ƙara matsowa. Na kama hannunki na ja ki. Kina cewa, “Inna, ban yi komai ba. Inna, ki gaya musu.” Ina janki ban waiwaya ba, har cikin gidan Malam Isa, inda aka shimfiɗe yarinyar a tabarma tana fizga. Kika tsallake ta, hawaye na zuba a hijabinki. Yarinya ba ta daina jijjiga ba.

Allah ne ya kawo kawunki a lokacin, wani ya ruga shagonsa ya gaya masa. Bai yi musu da kowa ba. Ya kutsa ya sunkuci Nafisa, ya ce wa Hassi, “Hau ki riƙe ta.” Suka nufi asibiti a kan mashin. Da marar lafiya ta bar wurin, taron ya rasa abin kallo, ya fara watsewa. Likita ya ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai, kuma da an ƙara jinkiri da ba a same ta ba. Aka yi mata allurai, aka ƙara mata ruwa, bayan 'yan kwanaki ta tashi.

Na yi murna kamar ni na haife ta. Ban san warkewarta za ta zama mana wata wuta ba. Rabin unguwa suka ce ai ga shi nan, da aka sa ta tsallake ba ga shi ta saki yarinya ba? Abin da na sa ki yi don in cece ki, shi ya zama shaidarsu a kanki.

Har yau in na kwanta ina juya ranar nan. Wani lokaci in ce da ban ja ki ba, da duwatsun nan a kanki za su sauka. Wani lokaci in ce da na tsaya a bakin zaure na ce ɗiyata ce, 'yan tsana ne, na san da su, duk mai shiga sai ya bi ta kaina, da wataƙila sun ji kunya. Ban san wanne ne gaskiya ba. Amma na san abin da ban yi ba kuma yana hannuna: ban tura kowa ya kira liman ko mai unguwa ba, kuma ban ce a kai yarinya asibiti ba, alhali ita ce maganar da ya kamata ta fara fita daga bakina. Tsoro ya toshe mini kai.

Ina roƙon Allah kada ya sake nuna miki rana irin wannan. In kuwa ta zo, a kanki ko a kan wata, kada ki tsaya jayayya da taro ke kaɗai, taro ba ya ji. Ki nemi babba mai faɗa a ji, ki tura a kira shi. In akwai marar lafiya, ki juya maganar kansa, ki ce a kai shi asibiti za ki biyo. Kuma kada ki yarda ki aikata abin da zai zama kamar kin amsa laifin da ba ki yi ba, ko da wanda ke jan hannunki uwarki ce.

Da aka yi hutu na kai ki 'Yankuzo wurin kakarki, na ce ki sha iska. Kin daina magana a lokacin, in an zuba miki abinci ki ci, in ba a zuba ba ba ki tambaya. Kafin mu isa Tsafe ma labari ya riga mu, don a mota na ga wata mata ta janye ɗanta daga kusa da ke. Kakarki ta bari har kika shiga ɗaki, sannan ta dube ni ta ce, “Kin kawo ta ki ɓoye ta, ko kin kawo ta ki ɓoye kanki?”

Da na koma ɗauko ki na tarar da abin da ban zata ba. Kakarki ta sa an ɗebo miki yumɓu daga inda masu tukwane ke ɗiba, ta shimfiɗa miki tabarma a gindin darbejiya a tsakar gida, ta kira matan maƙwabta suna sussuka suna kallonki kina gini. Wata ma ta ce ki yi mata mai kama da mijinta in yana fushi, aka yi ta dariya. Tsohuwar da ba ta taɓa kallon talabijin ba ta yi abin da ni mai koyar da yara a makaranta na kasa. Ki riƙa rubuta mata gaisuwa, akwai mai karanta mata.

Bayan mun dawo ne na je shagon kawunki wata safiya, kafin 'yan kallo su fara zuwa, na ce ya sa mini kaset ɗin. Na zauna a kan benci ni kaɗai na kalle shi har ƙarshe. Ashe duk dodannin matsorata ne, junansu suke tsoro. Na ga ma shatin yatsan wanda ya gina ƙaton nan a kumatunsa. Na yi dariya a wurin mai atishawa, daga nan kuma na kasa tsayar da kuka. Kawunki ya fita waje ya ba ni wuri.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi, kada ki yi wasa da ita. Na je na tambayi limaminmu a kan gina abu mai siffar mai rai. Bai ɓoye mini ba, ya ce 'yan tsanan wasan yara an yi sauƙi a kansu, amma malamai sun tsananta a kan siffar mai rai cikakkiya, kuma akwai saɓani a tsakani wanda shi bai kai ya yanke ba. Ya ce a tambayi waɗanda suka fi shi. Ni ma ban kai ba. Zariya garin malamai ne, ki nemi mai ilimi da natsuwa, ki gaya masa aikinki dalla-dalla, ki ji abin da zai ce, ki tsaya inda ya ce ki tsaya. Ki ji tsoron Allah a kan sani. Amma kada ki ɗauki ihun mutanen titi a matsayin fatawa.

Garin nan ma yana sauyawa. Ana ta raɗe-raɗin za a rufe gidajen kallo, kawunki har ya fara tunanin sayar da bidiyonsa ya koma sayar da hatsi. Ban san wane Gusau za ki tarar ba in kin gama, ban san ko akwai inda za ki nuna abin da kika koya ba. Wannan ma yana hana ni sukuni.

Saura abu guda, shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Ana jibi tafiyarki, kina gidan ƙawarki sallama, Hassi ta shigo. Rabon da ta taka gidanmu tun ranar nan. Ba ta zauna ba, ta tsaya a bakin madafa tana murza bakin mayafi.

Ta ce, “Na ji Luba za ta Zariya.”

Na ce haka ne.

Ta ce, “Ƙanen Malam yana da shago kusa da makarantar. Na ji Malam yana ba shi labarinta. Ni dai na san wanda ya ɗauki ɗiyata a mashin. Kada ki ce ni na gaya miki.”

Ta juya ta fita. Na zauna a kan turmi. Na ga kalmar nan ta hau mota ta riga ki isa, na ga 'yan ɗakinku suna janye kwanukansu daga naki.

Washegari na yafa mayafi na tafi kasuwa, rumfar Malam Isa. Akwai mutane, ana awo. Sau biyu ina wuce rumfar ina dawowa. Daga ƙarshe na tsaya na gaishe shi.

Na ce, “Malam, yarinyar nan gobe za ta tafi karatu. 'Yan tsanan da na daka a gabanku na san da su, tun tana gina su. Tsoro ya sa na ce ban sani ba. Kuma ni na ja ta ta tsallake Nafisa, ba don ta yi komai ba. In akwai wanda za a ba labarinsa a Zariya, ni ce.”

Masu awo suka tsaya. Bai ɗago ba, ya ci gaba da share bakin tiya da hannu. Can ya ce, “Allah ya kiyaye hanya.” Na juyo. Ban san ko ya sauko ba ne, ko kora ta ya yi cikin ladabi.

Saboda haka ki shirya. In kin natsu, ki sa kawunki ya raka ki shagon mutumin nan kafin ya juyo gida. Ki gaishe shi da girmamawa, ki gaya masa ɗiyar wane ce ke, da abin da kika zo karantawa, da bakinki, kanki a ɗage. In kuma duk da haka maganar ta fito, kada ki tattara kayanki ki gudu, kada ki yi shiru kina haɗiya. Ki aiko mini da saƙo ta direbobin tasha. Ko a tsakiyar aji saƙon ya same ni zan ajiye alli in hau mota.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki kwana cikin gidan sauro, in kin ji zazzaɓi ki tafi asibiti a ranar. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga zargin da ba ki ji ba ba ki gani ba, ya sa albarka a hannunki, ya dawo mana da ke lafiya. Ki yafe mini.

Wassalam.

Innarki